Baƙon Kare A Gida

Wanda duk ya bi hanyar mota daga birnin Kano ya nufi yamma, ya wuce Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo har ya isa Gwarzo, tafiyar wajen kilomita 70, zai ga gonakin dawa da gero da masara da gyaɗa dama da hagu. Zai ga rugagen Fulani da garkunan shanu. In ya kasa kunne kuma, da wuya ya wuce ƙauye bai ji haushin kare ba. Mutanen wannan ƙasa manoma ne da makiyaya, akwai mafarauta kuma a cikinsu, kowannensu kuwa da aikin da kare ke yi masa. Manomi yana so a tsare masa rumbu da garka. Makiyayi yana so a farkad da shi in wani abu ya kusanci garke da dare. Mafarauci kuwa in rani ya yi, an kawad da amfanin gona, da karnukansa ya ke shiga daji neman zomo.

Yawancin mutane kwikwiyo su kan samo su rena. Amma wani lokaci babban kare ne ke rasa gida. Mai shi ya rasu, ko ya yi ƙaura zuwa birni inda ba shi da wurin ajiye shi, ko tsufa ya hana shi fita farauta. Wani karen kuma wajen farauta ya ke ɓacewa, ya yi ta yawo daga Getso zuwa Kutama, ko daga Garo zuwa Gude, yana cin abin da ya tsinta a juji. A Ingila akwai gidaje musamman na irin waɗannan karnuka. Wata mace, Mary Tealby, ta buɗe ɗaya a birnin London a shekarar 1860, har yanzu yana nan a unguwar Battersea, mutane na zuwa suna zaɓen kare su tafi da shi gida. Mu a ƙauyukanmu hannu da hannu a ke ba da kare, ko kuwa shi da kansa ya zo ya kwanta a ƙofar gidan da ya ga alamar abinci.

To, yaya za a yi da irin wannan baƙo? Abin da za mu koya ke nan a wannan darasi.

Kwikwiyo Da Babban Kare

Kwikwiyo kamar ɗanyen yumɓu ya ke a hannun maginin tukwane, yadda aka murɗa shi haka zai tashi. Babban kare kuwa ya riga ya bushe da halinsa. Ya san muryar wani ubangida, ya saba da wani makwanci, yana da abin da ya ke so da abin da ya ke tsoro. Akwai amfani a cikin wannan, domin tun ran farko a na iya ganin halinsa, ko mai sanyi ne ko mai zafi. Sau da yawa kuma ya riga ya iya aiki, ya wuce shekarun ɓarna da tauna takalma. Akwai wahala kuma, domin ba mu san dukan abin da ya same shi a baya ba. Wanda aka saba jifa zai firgita in ya ga yaro ya sunkuya ƙasa, ko da yaron ba dutse zai ɗauka ba.

Malamin dabbobi ya kan ƙiyasta shekarun kare ta wajen duban haƙoransa. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28. Kafin ya wuce wata 7 sun zube, na girma 42 sun fito. Haƙoran saurayin kare farare ne masu tsini, na tsoho kuwa sun yi ja, sun dakushe. Karen da ya sami kulawa ya kan kai shekara 10 ko fiye. Saboda haka wanda ya karɓi kare mai shekara 3 ya ɗauki nauyin da zai daɗe a kansa.

Kafin A Ce An Karɓa

Abu na fari, yara, ku sani ba aikinku ba ne ku jawo kare gida don kun ga yana kaɗa muku wutsiya. Maigida ne ke da wannan magana. In kare ya biyo ku, kada ku taɓa shi, ku je ku gaya wa babba.

Abu na biyu, karen da aka gani yana yawo watakila yana da mai shi. Tsintuwa ba ta zama ta mutum sai ya yi cigiya. Sai maigida ya gaya wa mai unguwa, a tambayi mafarautan ƙauye, domin su sun san karnukan juna kamar yadda ku ka san 'yan ajinku. In an sami mai shi, a mayar masa.

In kuwa hannu da hannu za a bayar, to, an sami sauƙi, domin akwai wanda za a tambaya. Maigida mai hankali zai ce, “Malam, me ya sa za ka rabu da shi? Mene ne sunansa? Ya taɓa cizon wani? Yana kama kaji? Ya saba da yara? Yaushe aka yi masa allura, ina kuma takardar?” Wanda ya ji kunyar tambaya yau, gobe zai sha rigima da maƙwabta.

Abu na uku, a san dalilin da ya sa a ke son karen. Malamanmu sun koya mana cewa a kan ajiye kare don farauta, ko tsaron gona, ko tsaron dabbobi, kuma ƙwaryar da ya sa baki a ciki a kan wanke ta sau 7. Sun kuma ba mu labarin mutumin da ya ga kare na lasar ƙasa don ƙishirwa, ya shiga rijiya ya ɗebo masa ruwa, Allah ya gafarta masa saboda wannan. Watau dai kare yana da iyakarsa a gida, yana kuma da hakkinsa. Wanda ba zai iya ci da shi ba, kada ya karɓe shi.

Lafiya Tukuna

Ga babbar magana a cikin darasin nan, ku riƙe ta da kyau. Akwai wata cuta da a ke kira ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, a cikin miyan dabbar da ta kamu ta ke zaune. In karen ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, sai ta shiga jiki. Daga nan ta kan bi jijiyoyi sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan ta kan ci wata 2 ko 3, wani lokaci mako 1 kaɗai, wani lokaci har shekara. A duk tsawon kwanakin nan mutum ba ya jin kome, har raunin ya warke, a manta. Amma ran da ta kai, sai zazzaɓi da ruɗewa, mutum ya riƙa tsoron ruwa ko da ƙishirwa na damunsa. In an kai ga haka, kusan ba wanda ke tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare su ka samo ta. A cikin kowane mutum 10 da ta kashe, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, watau tsararku. Dalili kuwa shi ne yara ne ke wasa da karnuka, kuma in an cije su su kan ɓoye don tsoron faɗa.

Mutane da yawa suna zaton mahaukacin kare shi ne kaɗai mai gudu yana dalalar da miyau yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai irin wannan. Amma akwai wanda cutar ke sa ya yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakin irin wannan kare don ya ciro ƙashi. Akwai kuma wanda a farkon ciwon halinsa ke juyawa, mai gudun mutane ya koma yana lasar hannu. Kun ga ke nan sakin jiki da kaɗa wutsiya ba su isa shaidar lafiya ba.

Saboda haka kafin baƙon kare ya zauna a gida, sai malamin dabbobi ya duba shi. In yana da sabon raunin cizo wanda ba a san dabbar da ta yi masa ba, a bar maganarsa a hannun malamin. In ya ga lafiya lau ya ke, zai yi masa allurar rigakafi, ya ba da takarda, ya kuma faɗi kwanakin da za a keɓe shi a na lura da shi, domin allura ba ta warkad da karen da cutar ta riga ta kama. A kan fara yi wa kwikwiyo allurar nan yana da wata 3, sa'an nan a riƙa sabuntawa kowace shekara.

Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ne ya fara gano rigakafin cutar nan. A shekarar 1885 aka kawo masa wani yaro mai shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya cije shi a wurare da yawa. Aka yi ta yi masa allura kwana da kwanaki, yaron ya rayu har ya girma. Pasteur ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895, shi ya sa a ke tunawa da yaƙi da cutar a wannan rana ko'ina a duniya. A nan Nijeriya akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun nuna cewa in an yi wa kare 70 a cikin 100 allura a gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ashe wanda ya yi wa karensa allura ya tsare 'ya'yan maƙwabtansa tare da nasa. Rigakafi ya fi magani.

Kwanakin Farko

Ku tuna ranar da aka fara kai ku makaranta. Ba ku san kowa ba, ba ku san inda za ku zauna ba, wani ma kuka ya yi. Haka baƙon kare ke ji. Wani ya kan ƙi cin abinci kwana 1 ko 2. Wani ya kan kwana yana kuka. Da yawa kuma in sun sami sarari sai su kama hanyar tsohon gida, domin hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba, ya kan gane hanyar da ya bi.

Tun kafin ya iso a shirya masa wuri, mai inuwa da rana, mai kāriya daga ruwan sama da sanyin hunturu, nesa da madafa da randa da wurin salla. A shimfiɗa masa tsohon buhu. In tsohon ubangidansa zai ba da buhun da ya saba kwanciya a kai, ya fi kyau, domin warin da ya sani zai kwantar masa da rai. A ajiye masa kasko 2 nasa na kansa, na ruwa da na abinci.

A makon farko a ɗaure shi da igiya mai tsawo, wadda ba ta shaƙe wuya, yadda zai iya tashi ya juya ya kai ga ruwa. Safe da yamma maigida ya kwance shi, ya zaga da shi bayan gida yana riƙe da igiyar, ya yi bayan gida, ya shinshina iyakar sabon wurinsa. Ɗauri na 'yan kwanaki ne. Karen da aka bari a turke dare da rana wata da watanni ya kan zama mugu.

Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, yana kiran sunansa da murya mai taushi. In an san sunansa na dā, a bar masa. Kada yara su taru a kansa suna ihu. Sa'ad da malamin dabbobi ya ce ba kome, sai a riƙa kawo su ɗaya ɗaya, babba na tsaye. Yaro ya tsaya shiru, ya bari karen ya zo da kansa ya shinshina shi. In ya juya ya tafi, a ƙyale shi. Wani karen mako 2 ya ishe shi ya saba, wani sai ya yi wata 3. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar Kare

Kare ba shi da baki irin namu, amma jikinsa na magana. In ya saki jiki, bakinsa a buɗe kaɗan, wutsiya na kaɗawa har da ƙugu, yana murna ne. In ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantad da kunnuwa, yana kau da kai yana lasar leɓe, tsoro ya ke ji, a ba shi wuri. In kuwa ya sandare, gashin bayansa ya tashi, ya kafa wa mutum ido yana gurnani, to, gargaɗi ne, ko da wutsiya na motsi. Kada a doke shi don ya yi gurnani, domin karen da aka hana gargaɗi wata rana sai ya yi cizo ba sanarwa.

Ga lokatai 4 da ba a taɓa kare kome sabo: in yana cin abinci, in yana barci, in yana da ciwo, da kuma karya in tana tare da 'ya'yanta. Ba a jan wutsiyarsa, ba a hawa bayansa, ba a sa fuska kusa da tasa, ba a kuma barin jariri da kare su kaɗai. In wani kare ya taso muku a hanya, kada ku ruga, domin gudu ke sa shi bi. Ku tsaya cik kamar kututture, hannuwa a jiki, kada ku dube shi cikin ido. Zai shinshina ya wuce.

Kaji Da Awaki Da Maƙwabta

Karen farauta an koya masa bin abin da ke gudu, bai san bambancin zomo da ɗan akuya ba sai an nuna masa. Maigida ya riƙa wucewa da shi kusa da akurki da turken awaki yana riƙe da igiya. In ya zabura, a tsawata masa da kalma ɗaya, a ja shi baya. In ya wuce bai kula ba, a yaba masa, a ba shi ɗan abin taunawa. Yabo a kan kari ya fi sanda koyarwa. Kada a sake shi cikin dabbobi sai an gwada haka sau da yawa. In kuwa ya kashe kazar maƙwabci, mai kare ya je ya ba da haƙuri, ya biya, tun magana ba ta kai gaban mai unguwa ba.

Abinci Da Tsabta

Karen da ke ƙoshi a gida ba ya yawon juji, wanda ba ya yawo kuwa da wuya ya gamu da mahaukacin kare. A ba shi tuwo da ƙanzo da wake dafaffe, da ɗan nama ko kifi in an samu, sau 2 a yini. Albasa da tafarnuwa suna ɓata masa jini, a guje su. Dafaffen ƙashin kaza ya kan tsage ya soke shi a maƙogwaro ko hanji. Hanta ko huhun tunkiya mai ƙulli cike da ruwa, wanda mahauci ya yar, kada a jefa wa kare, domin daga nan ya ke samun wata tsutsar ciki wadda ƙwayayenta ke fita cikin kashinsa su kama mutane. Ruwa kuwa kada ya yanke masa, balle a watan Afrilu da zafi ke tsanani. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, ta wajen haki da harshe a waje ya ke rage zafi.

A riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska da ƙuma. Malamin dabbobi ne zai ba da maganinsu da na tsutsa. Kada a zuba masa maganin feshin gona, kada kuma a ba shi maganin mutane, suna iya kashe shi. A kwashe kashinsa a binne. Wanda duk ya taɓa kare ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

In Ya Yi Cizo

In kare ya cije ku, ko ya yakushe ku, ko naku ne ko na wani, ko raunin ƙanƙane ne, ku gaya wa babba nan take. Ba wanda zai yi muku faɗa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a na kwarara a na cuɗawa, har minti 15. Kada a tsaya shafa toka ko barkono, kada a ɗaure da tsumma. A ranar nan a tafi asibiti, kamar babban asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, a nemi allurar cizon kare. Allurar ba sau ɗaya a ke yi ba, sai an koma a ranakun da likita ya rubuta har a gama. Shi kuma karen, in na gida ne, a tsare shi kwana 10, malamin dabbobi na lura da shi. Amma kada a ce sai an ga abin da ya faru da karen sa'an nan a je asibiti. Wanda aka yi wa allura a kan lokaci, da ikon Allah ba abin da zai same shi.

Kun ji yadda a ke karɓar baƙon kare. A yi cigiya, a yi allura, a ba shi inuwa da ruwa da abinci, a yi haƙuri da shi har ya saba. Wanda ya yi haka zai sami mai gadi wanda ba ya neman lada sai ƙanzo, wanda ke kwana a farke don maigida ya yi barci. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi 3 da babban kare ke rasa gida.
2. Me ya sa ba a yarda da lafiyar kare don kawai yana kaɗa wutsiya?
3. Wane ne Louis Pasteur, me ya yi a shekarar 1885?
4. Waɗanne lokatai ne ba a taɓa kare?
5. Rubuta abin da za ka yi, bi da bi, in kare ya ciji ƙanenka.